Gurbinta Na Nan

Makarantu uku ne a unguwar, kuma duka ukun a shagon mutum ɗaya ake ɗinka musu kaya. Ta gwamnati tana bayan tasha, aji ɗaya yara tamanin, rabinsu a ƙasa suke zama. Ta kuɗi tana bakin titi, da shuɗin get da maigadi mai sanda. Kwaleji kuwa sai an bi kwalta har ƙarshenta, can ake koyar da aikin jinya da malanta da gyaran lantarki. Telan da ke ɗinka wa duka ukun Mai Baji ake ce masa, don shi kaɗai ya iya ɗora bajin makaranta a aljihun riga ya zauna daram, ba karkacewa ba tattarewa.

Shi kansa a aji huɗu ya tsaya. Ubansa ya cire shi ya ɗora shi a kan keken ɗinki tun ƙafarsa ba ta gama kaiwa ƙasa ba. Amma in ka ji yana zancen ilimi sai ka rantse shi ya kafa kwalejin. Da yatsa biyu yake auna makaranta: ya murza yadinta, ya gaya maka ko ana karatu a cikinta. Yadin ta gwamnati kaushi gare shi, saboda haka a wurinsa karatunta ma haka yake. Na ta kuɗi laushi, har da sheƙi. Farar rigar ɗaliban jinya kuwa, sai ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Babban burinsa a duniya shi ne wata rana ya yanka wannan farin yadi da awon ɗan cikinsa.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa da iyaye mata suke sa masa albarka a kanta. In ya ɗinka wa 'yan gwamnati, sai ya bar kalmasa mai faɗin yatsa huɗu a bakin wando ko siket, ya ɓoye yadi a ƙugu da gefe, don in yaro ya yi tsawo uwarsa ta warware a ci gaba da sawa. Mai Makaranta, wato matar da ta mallaki ta kuɗin, ta hana shi wannan tun ranar farko. Nata kayan cif-cif za a yanka, kowace shekara iyaye su sayi sabo. Maimakon abin ya ba shi haushi sai ya burge shi. Ya riƙa gaya wa mutane cewa manya ba sa warwara.

'Ya'yansa maza biyu ta gwamnati suka yi, ba wanda ya kai ƙarshe. Ɗaya yana facin taya, ɗaya ya bar garin. Har gobe makarantar yake zagi a kansu, alhali kowa ya san shi ne yake tsare su a shago su yi masa guga duk lokacin da aiki ya yi yawa, mako biyu, mako uku. Saura Auta, mace, marar surutu, mai dogon wuya irin na uwarta.

Tana shekara goma sha ɗaya, ta gama firamare ke nan, Mai Makaranta ta sauya fasalin kayan sakandarenta. Mai Baji ya ɗinka samfuri, da yake ba shi da gunkin gwaji sai ya sa wa Auta yana daidaita kafaɗa da allurai a baki. Suna cikin haka motar Mai Makaranta ta tsaya a ƙofar shago. Ta shigo tana toshe hanci da gefen mayafi, ta dubi rigar, sannan ta dubi wadda ke cikinta. Ta sa yatsa ta ɗaga haɓar yarinyar, ta juya fuskar dama da hagu yadda ake duba kaya a kasuwa. Washegari ta aiko da mai hoto.

Aka ba Auta littattafai uku ta rungume, aka ce ta yi murmushi. Da aka gama aka karɓe littattafan, aka cire rigar. Mai Baji ya durƙusa yana godiya, ya yi ta maza ya ce yarinyar ma bana za ta shiga sakandare. Mai Makaranta ta dafa kan Auta ta ce:

"Wannan ai 'yarmu ce. Gurbinta na nan."

Kalma uku ke nan, gurbinta na nan, kuma a kansu mutumin nan ya gina shekara shida.

Mako biyu bayan haka aka kafa allon talla a mahaɗar titi, tsayinsa ya fi na shagon. Ga Auta nan a sama, haƙora farare, baji a ƙirji, sunan makaranta a ƙasanta. Mai Baji ya rufe shago ya je ya tsaya a gindinsa har rana ta take, bakinsa har kunne, duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya nuna masa. Da aka koma hutu ya je ofis ya tambayi ranar da za a kawo ta. Aka ce bana aji ya cika, ta fara a ta gwamnati tukuna, baɗi ai kamar gobe ne.

Ya dawo ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya yanki yadin ta kuɗi ya ɗinka wa Auta nata riga da siket, ya saɓa dokar Mai Makaranta ya bar kalmasa mai faɗin tafin hannu biyu, ya ɓoye yadi ta ko'ina. Ya sa a leda ya rataye a bangon shago, daidai saman kansa.

Yara kuwa ba su da tausayi. Ranar farko da Auta ta shiga ajin gwamnati aka raɗa mata 'Yar Allo, sunan ya bi ta har ya danne na yanka. In ta makara su ce motar makarantarsu ce ba ta zo ba. In ta zauna a ƙasa su ce a shimfiɗa wa 'yar masu kuɗi ɗankwali. Kullum da safe sai ta bi ta ƙarƙashin hoton kanta cikin yadi mai kaushi da silifas, ta sama tana murmushi, ta ƙasa tana sauri. Ba a yi wata guda ba saƙo ya zo daga Mai Makaranta: wai iyaye sun fara tambaya, suna ganin yarinyar allo da kayan wata makaranta, a ce mata ta riƙa bi ta lungun baya.

Wani uban da ya ji haka da ya tofa. Mai Baji kuwa daɗi ya ji. Ya gaya wa matarsa cewa wannan ya nuna an ɗauki Auta tasu, ba a so a gan ta a wulaƙance. Matar ta ce lungun baya juji ne da kwata, kuma ya ninka hanyar biyu. Ya ce ita me ta sani, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Daga ranar Auta ta koma bin juji, safe da yamma, damina da rani. Ya kuma hana ta ƙawaye a ajin, wai kada ta saba da mutanen da za ta bari.

Duk farkon shekarar karatu abu ɗaya yake yi. Ya sauke ledar, ya auna Auta, ya warware kalmasa yatsa biyu, ya goge, ya saka rigarsa mai kyau ya tafi ofis. Ya zauna a benci awa biyu, uku. Mai Makaranta ta fito da waya a kunne, ta yi masa romon baka: wace gaggawa yake yi, ba ga ta can a kan allo ba, duk garin nan wa ya kai ta gata? Sai ta miƙa masa takardar awon sababbin ɗalibai. Ya dawo ya mayar da kayan cikin leda. Duk warwara tana barin zane a jikin siket wanda dutsen guga ba ya iya gogewa. Zane ɗaya, biyu, har biyar, jere kamar layin littafi.

Ita kuwa Auta, tunda an hana ta ƙawaye, sai ta kama littafi. Akwai wani malamin lissafi a ta gwamnati, siriri, kullum wandonsa fari fat da ƙurar alli, har ake ce masa Malam Alli. Shi ya fara lura cewa yarinyar da ke zama a ƙasa kusa da ƙofa tana gama aiki kafin ya gama rubutawa. Ya riƙa ara mata littattafansa. Tun daga aji biyu ba wanda ya sake zuwa na ɗaya a gabanta.

Da ta shiga ajin ƙarshe Malam Alli ya zo shago takanas. Ya yi wa Mai Baji bayani dalla-dalla: kwaleji tana ware gurbi uku duk shekara a sashen jinya, kyauta, don waɗanda suka fi kowa a makarantar gwamnati. Sharaɗi ɗaya ne, takardar jarrabawar ƙarshe ta fito da sunan makarantar gwamnati. Auta kuwa ko da ido rufe ta rubuta, ɗaya daga cikin ukun nata ne. Mai Baji ya saurara yana taka keke, bai ko ce masa ya zauna ba. Da malamin ya fita ya kaɗe wurin da ya jingina.

A wannan shekarar ce abin ya juya wa Mai Makaranta. Shekara biyu a jere ɗalibanta suna faɗuwa jarrabawa, iyaye sun fara kwashe 'ya'yansu. Wani malaminta ya tsegunta mata cewa yarinyar da ke kan allonsu ita ce ta addabi kowa a ta gwamnati. Saura wata uku jarrabawa ta aiko direba ya ɗauko Mai Baji a mota, karo na farko a rayuwarsa. Aka ba shi kujera, ba benci ba. Ta ce lokaci ya yi. Za a yi wa Auta rajista da sunan makarantarta, ba sai ya biya komai ba. Aji dai ya cika, babu kujera, sai ta riƙa karatu a gida, ranakun jarrabawa ta saka kayanta ta zo.

Mutumin nan ya dawo gida kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Bai tsaya ya tambayi kansa ba, wane irin gurbi ne wannan da ba shi da kujera.

Malam Alli ya ji labari ya taho a guje, har da haki. Ya roƙe shi don Allah ya bar yarinyar ta ƙarasa wata ukun nan. Ya sake maimaita sharaɗin kwaleji, sau biyu, da yatsa a kan teburin yanka. Mai Baji ya ajiye almakashi ya wanke shi tas a gaban masu jiran ɗinki. Ya ce baƙin ciki ne ke damunsa. Ya ce makarantarsu ta cinye masa 'ya'ya biyu, ba za ta ci ta uku ba. Ya ce in an ga takarda mai sunan ta kuɗi, ai kwaleji da kanta za ta fito tarye, wa zai ajiye laushi ya ɗauki kaushi? Ya ƙare da cewa mutumin da bai iya kaɗe wandonsa ba, shi zai koya masa abin da ya dace da 'yarsa?

Malamin ya dubi Auta da ke tsaye a bakin labule, ya fita.

Ranar ce kaɗai Auta ta taɓa yi wa ubanta musu. Ta durƙusa ta ce a hankali:

"Baba, don Allah ka bar ni in gama inda na fara. Can aka san ni."

Ya ce ta kawo kayanta na gwamnati. Ta kawo. A gabanta da uwarta ya sa almakashi ya raba rigar huɗu, ya jefa a kwandon tsumman da yake goge man keke da shi. Uwar ta juya fuska bango tana hawaye. Auta ba ta yi kuka ba, ta tashi ta koma ɗaki.

Ya warware kalmasa ta ƙarshe. Kayan suka zauna mata ɗas, sai dai zane-zanen nan a ƙasan siket, waɗanda 'yan ajin suka yi ta nunawa suna ƙus-ƙus. Kwana goma sha biyu ta yi tana shiga shuɗin get, ta zauna a kujerar baya, ta rubuta, ta fito. Iyakar zamanta a makarantar ke nan. Da sakamako ya fito ba wanda ya kama ƙafarta a makarantun duka biyu. Kafin mako ya zagayo an sauke tsohon allo an kafa sabo, ya fi wancan girma, da sabon hotonta da sakamakonta jere a gefe. Iyayen da suka gudu suka fara dawowa.

Mai Baji ya sayi farin yadi ya ajiye, sannan ya kama hannun Auta suka bi kwalta har ƙarshe. A ofishin rajista na kwaleji wani akawu mai tabarau ya karɓi takardar, ya yaba, ya ce sai dai su nemi gurbin biya kamar kowa. Kuɗin kuwa, ko an sayar da kekunan shagon da shagon ba za su kai shekara guda ba. Mai Baji ya ce a'a, gurbin kyauta suka zo nema. Akawun ya nuna masa sunan makarantar da ke saman takardar. Mai Baji ya fara rantsuwa cewa shekara biyar da wata shida ta yi a ta gwamnati, a ƙasa take zama, a tambayi kowa.

Akawun ya zare tabarau ya dubi Auta, sai ya yi dariya.

"Haba Baba, da girmanka. Shekara shida ina wuce yarinyar nan a mahaɗar titi safe da yamma. Duk garin nan wa bai san makarantar da take ba? Ku masu hali ba kwa barin wa talaka ko ɗan abin da aka ware masa."

Ya ce in da gaske ne, Mai Baji ya kawo mutum ɗaya a bakin titi da ya taɓa ganinta da kayan gwamnati. Ina zai samo shi? Ta lungun baya take bi, kuma shi ya sa ta.

Malam Alli, duk da abin da aka yi masa, ya rubuta wasiƙa ya kai da kansa. Aka ce maganar malami ba ta ture takarda, sai dai in makarantar da sunanta ke kai ta rubuto cewa yarinyar ba ɗalibarta ba ce. Ya tambaya ko za ta iya sake jarrabawar baɗi a wurinsu. Aka ce gurbin na waɗanda suka rubuta karon farko ne.

Saboda haka Mai Baji ya saka rigarsa mai kyau ya koma ofis. Benci aka nuna masa. Da aka shigar da shi ya zube ƙasa, ya ce ranki ya daɗe layi biyu kawai yake roƙo, a rubuta gaskiya, cewa Auta ba ta taɓa zama a aji a nan ba. Mai Makaranta ta ajiye biro ta dube shi kamar ya zo da wari.

"Wato in rubuta da hannuna cewa allona ƙarya yake yi?"

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya tuna mata ranar hoto, ya tuna mata abin da ta faɗa da hannunta a kan yarinyar. Ta ce ai ba ta manta ba, ita ba ta saɓa magana. Ta tashi ta ja labulen taga. Daga nan ana hango mahaɗar titi, da Auta a sama tana murmushi.

"Na ce maka gurbinta na nan. Ga shi can. Ka taɓa ganin na sa wata a ciki?"

Sannan ta miƙa masa takardar awon sababbin ɗalibai, ta ce bana sun yi yawa, ya yi ƙoƙari ya gama da wuri. Abin da ya fi ciwo a labarin nan shi ne ya karɓa. Da hannu biyu ya karɓa, har ya ce ya gode, domin in ya rasa ɗinkin shuɗin get ba abin da za a ci a gidansa.

Aikin ya yi masa yawa kuwa, ido kuma ya fara rauni, sai Auta ta hau keke na biyu. Cikin wata biyu ta fi shi iya ɗora baji. Ba ta yi masa rashin kunya, ba ta kuma yi masa hira. In ya kira ta ta amsa, in ya yi shiru ta yi.

Gurbi na uku a sashen jinya 'yar mai wanki ce ta same shi, wadda take zuwa ta huɗu a ajinsu, wadda ta fi kowa iya kiran 'Yar Allo da waƙa. Ta zo shago awon farar riga. Mai Baji ya ce ba shi da lafiya, ya juya baya. Auta ta ɗauki tef ta auna ta, kafaɗa, hannu, tsawo, ta rubuta. Da farin yadin da ubanta ya saya ya ajiye aka yanka, don shi ne a kusa.

Da farkon shekara ya zagayo, hannunsa ya kai kan ledar tun kafin ya yi tunani. Ya sauke siket ɗin ya shimfiɗa a tebur, yana cewa wataƙila in an sake magana da Mai Makaranta, wataƙila baɗi. Ya juya bakin siket ɗin yana laluben kalmasa da farce. Auta ba ta ɗago daga keke ba.

"Ba sauran komai a ciki, Baba. Ka warware ta ƙarshe. Miƙo min farin zare."

Ya miƙa mata.

Allon yana nan har yanzu, rana ta ɗan cinye launinsa amma murmushin bai goge ba. Auta ta gabansa take wucewa kullum in za ta shago, ba ta ko ɗaga kai. Mai Baji ne yanzu yake bi ta lungun baya.